Kada Mu Rufe Wa 'Ya'yanmu Ƙofar Da Ilimi Ya Shigo Mana

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani kuka da ya yawaita a bakin iyaye a Kwaciri da unguwannin da ke kewaye da ita, tun daga Kurna da Rijiyar Lemo har cikin Fagge. Uba zai ce ɗansa ya canza tun da ya shiga babbar makaranta: ya yi abokan da ba a san gidajensu ba, yana shigowa da littattafan da ba a saba gani ba, kuma ba a faɗa masa magana sai ya nemi dalili. Uwa za ta ce 'yarta ta yi ƙawa a Islamiyya ko a makarantar koyon aikin jinya, yanzu ra'ayinta a kan abubuwa da yawa ya sauya. Maganin da mafi yawanmu ke fara kaiwa gare shi ɗaya ne: a raba shi da su, a ƙwace littafin, a hana fita.

Wannan tsoro yana da tushe, ba mu raina shi ba. Duk wanda ya ga yadda daba da shan ƙwaya suka cinye samari a birnin nan ya san cewa da wuya yaro ya fara su shi kaɗai, kusan kullum aboki ne ya miƙa masa na farko. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Alƙur'ani ma, a cikin Suratul Furƙan, ya ba mu labarin mutumin da zai ciji yatsa ranar alƙiyama saboda nadamar wanda ya riƙa a matsayin amini.

Sai dai akwai abin da muke tsallakewa a cikin wa'azinmu. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari a kan abokin zama ya kawo misalin mutum biyu ne, mai sayar da turare da mai zuga wutar maƙera. Mun daɗe muna tsoratar da yara daga tartsatsin maƙeri, amma ba mu cika nuna musu hanyar shagon mai turare ba. Alhali hadisin yana koyar da zaɓe, kuma wanda aka kulle a ɗaki ba ya koyon zaɓe. Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne: sabon aboki da sabon littafi su ne manyan ƙofofin da hankalin mutum ke girma ta cikinsu, kuma aikin iyaye da malamai shi ne su tsaya a bakin ƙofar su koya wa yaro tantancewa. Toshe ƙofar gaba ɗaya yana da tasa illar, wadda ba ta gaza wadda muke gudu ba.

Mu fara da ƙasar da muke takawa. Fagge tun asalinta masaukin baƙi ce. A nan, bayan ganuwar birni, ayarin raƙuma da suka keto Sahara suke yada zango, Buzaye da Larabawa da fatake daga arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka taho daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Yau Kwaciri da Sabon Gari mazaɓu ne a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Yaron da ya tashi a nan, in ya je Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ko Kasuwar Sabon Gari taya ubangidansa jiran shago, kafin azahar ya yi ciniki da Ibo da Bayarabe da mutumin Nijar da na Chadi. Batun a hana shi haɗuwa da baƙin fuska bai ma taso ba. Abin tambaya shi ne wane irin guzuri muka ba shi kafin ya fita.

Tarihin ilimi a Kano ma tarihin baƙi ne da littattafan da suka ɗauko. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Wangarawa daga ƙasar Mali ne suka zo da Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. A zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Fulani suka iso da littattafan tauhidi da na lugga, waɗanda kafin nan malaman gari ba su da su. A zamanin Muhammadu Rumfa aka yi baƙuncin Shehu Maghili daga arewacin Afirka, ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake mulki da adalci. A zamanin Muhammadu Kisoke wani malami da ake kira Shehu Tunus ya kawo Ashafa, littafin Alƙali Iyal da har gobe ake karanta shi a zaurukan Kano cikin azumi, wani kuma mai suna Abdussalami ya kawo Mudawwana. Duk littafin da muke kira namu na gado a yau, akwai ranar da ya kasance baƙo a garin nan, a cikin jakar mutumin da ba a san iyayensa ba. Da magabatanmu sun ce ba su karɓar abin da ba su gada ba, da ba mu da abin da za mu gada.

Mudawwana ɗin nan ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta, domin ita ce uwa a cikin littattafan mazhabar Malikiyya da muke bi, kuma labarin yadda ta samu darasi ne ga ɗalibai. Asad ɗan Furat ya taso daga Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya je Madina ya ji Muwaɗɗa daga bakin Imamu Malik. Daga nan ya wuce Iraƙi, ya zauna da almajiran Imamu Abu Hanifa, musamman Muhammad ɗan Hasan Shaibani, mutanen da hanyarsu ta fiƙihu ta bambanta da ta Madina. A wurinsu ya koyi yadda ake jera mas'aloli ana ƙaddara abin da bai riga ya faru ba. Bayan rasuwar Imamu Malik a shekara ta 179 bayan Hijira, sai ya tafi Masar ya riƙa gabatar da waɗannan tambayoyi ga Ibnul Ƙasim, babban almajirin Malik, shi kuma yana amsawa da abin da ya ji daga malaminsa ko abin da ya fahimta bisa ƙa'idojinsa. Daga baya Sahnunu ya ɗauki wannan aiki ya koma wurin Ibnul Ƙasim aka sake tace shi, ya zama Mudawwana. Ashe ginshiƙin mazhabarmu ya ginu ne da tambayoyin da aka koyo a zauren wata mazhaba. Zaman Asad da mutanen Iraƙi bai raba shi da Malik ba. Tambayoyin da ya koyo a can su ne suka zaƙulo ilimin Malik daga ƙirjin almajiransa zuwa takarda.

Tun kafin wannan, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi da kansa ya ƙulla sababbin abokantaka a Madina lokacin da ya haɗa 'yan'uwantaka tsakanin sahabbai, ba tare da duba dangi ko gari ba. Ya haɗa Salmanu, mutumin Farisa da ya yi doguwar tafiya yana neman gaskiya, da Abu Darda'i, mutumin Madina. Bukhari ya ruwaito cewa Salmanu ya kai wa ɗan'uwan nasa ziyara, ya tarar ibada ta ɗauke masa hankali daga iyalinsa, rana azumi, dare tsayuwa. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da mai gida ya ci tare da shi, ya hana shi tashi sallar dare sai ƙarshen dare, sannan ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na jiki da na iyali, kowanne a ba shi nasa. Da labari ya kai ga Annabi sai ya gaskata Salmanu. Abu Darda'i mutumin kirki ne tun kafin wannan ziyara, amma akwai kusurwar da ba ya gani, sai da wanda ya zo daga nesa ya nuna masa. Amfanin sabon aboki ke nan: yana tsaye a inda ba ka tsaye, don haka yana ganin abin da ya ɓoye maka.

A tarihinmu na kusa ma akwai misali. Malam Aminu Kano ya fito daga gidan malamai da alƙalai, ya yi karatun allo da na zaure kafin na boko. Da aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi a farkon shekarun 1940, sai ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya haɗa zurfin ilimin addini da karatun zamani har zuwa kwalejin Yaba da ke Legas. Zamansu tare, da muhawarorin da suke yi a dandalin tattaunawa na Bauchi, da karance-karancen da Malam Aminu ya ƙara a Landan daga 1946, su ne suka gyara masa kallon da yake yi wa halin talaka. Jam'iyyar NEPU da ya zo ya jagoranta kuwa, a Sabon Garin nan aka kafa ta ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Bello Ijumu, wanda ba Bahaushe ba ne. Mutum yana iya saɓa wa siyasar Malam Aminu, amma ba wanda zai ce faɗin karatunsa da yawan abokansa sun raba shi da addini, tunda har ƙarshen rayuwarsa an san shi da tafsirin Alƙur'ani. Haka nan makarantar da Sarki Abdullahi Bayero ya assasa a 1934 domin horar da alƙalai, wadda daga baya ta zama Makarantar Koyon Larabci, malamai aka ɗauko mata daga Sudan. Sun zo da littattafai da salon koyarwa da ba a saba da su ba, kuma daga hannunsu manyan malamai irin su Shehu Abubakar Mahmud Gumi suka fito.

To mene ne ke faruwa idan aka toshe ƙofar? Illa ta farko muna ganinta a cikin masallatanmu. Ɗalibin da bai taɓa sauraron kowa ba sai malami ɗaya, bai taɓa buɗe littafi ba sai na ɓangare ɗaya, yakan ɗauka cewa iyakar abin da ya ji shi ne iyakar Musulunci. Ranar da ya ga wani ya saki hannu a salla ko ya kama, ko ya ji wata fatawa da ta saɓa wa wadda ya sani, sai ya yanke hukuncin ɓata, alhali saɓani ne da malamai suka tattauna fiye da shekara dubu da suka wuce ba tare da sun daina gaisawa ba. Da yawa daga cikin zage-zagen da samari ke yi wa malamai a Facebook da TikTok daga nan suka samo asali. Kifin rijiya ne ake gaya masa akwai kogi, yana ƙaryatawa. Sa'annan irin wannan ɗalibi shi ne mafi saurin faɗuwa ranar da ya gamu da shubuha ta gaske, domin ba a taɓa koya masa yadda ake sauraron hujjar wani a auna ta ba.

Illa ta biyu ta shafi zaman unguwa. Tsakanin Fagge da Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, amma akwai samarinmu da ba su san kowa a can ba sai ta fuskar ciniki, kamar yadda akwai na can da ba su san mu ba sai ta labarin da ake ba su. Garin nan ya ɗanɗana sakamakon wannan jahilcin juna. A watan Mayu na 1953 an shafe kwana huɗu ana tarzoma a wannan yanki, hukuma ta ƙidaya mutum 36 da suka mutu. An sake ganin irin haka a watan Oktoba na 1991. Mutumin da ba ka sani ba yana da sauƙin ƙi, kuma jita-jita ba ta samun gindin zama sai a inda babu wanda zai ce: a'a, na san wane, ba haka yake ba. A kowace fitina da aka yi, waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu su ne waɗanda dama akwai sanayya tsakaninsu. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bayyana cewa Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Malamai sun bambance tsakanin aminin da kake damƙa wa sirrinka da addininka, wanda dole ya zama mai tsoron Allah, da abokin karatu ko na sana'a ko maƙwabci da kuke mutunta juna. Yaron da ya san wannan bambanci zai zauna aji ɗaya da Kirista, su yi bitar darasi tare, ya tashi ya yi sallarsa a kan lokaci, kuma wataƙila shi ne Musulmi na farko da wancan zai sani da idonsa.

Mai karatu zai iya cewa: ai magabata sun yi gargaɗi a kan karanta littattafan 'yan bidi'a, sun kuma ce wanda littafi ne kaɗai malaminsa kuskurensa ya fi daidansa yawa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa muka ce a tsaya a bakin ƙofa. Asad ɗan Furat bai je Iraƙi ba sai da ya riƙe Muwaɗɗa. Tsarin zaurukanmu na da ma haka yake: a fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, a haɗa da Arba'una Hadisi, kafin a kai ga manyan littattafan da ke kawo saɓanin malamai. Itacen da saiwarsa ta kama ƙasa ba ya tsoron iska. Saboda haka tsari shi ne tushe tukuna, sannan faɗaɗawa, kuma duk abin da ɗalibi ya karanta ya ɗaure masa kai ya dawo da shi gaban malami. Nauyin da ke kanmu mu malamai shi ne kada mu sa yaro ya yi nadamar tambaya. In ya zo da shakka muka kore shi da tsawa, ba zai daina shakkar ba, zai daina zuwa ne, ya kai tambayarsa inda za a amsa masa da abin da ba mu so.

Wani kuma zai ce ai yaran yanzu ba su rasa sababbin abokai da abin karantawa ba, ga waya a hannunsu dare da rana. A nan akwai ruɗi. Manhajojin sada zumunta an gina su ne su lura da abin da mutum ya fi tsayawa a kai, su ƙara turo masa irinsa, domin ya daɗe yana kallo. Wanda ya saurari malami mai zafi sau uku, za a jero masa goma masu zafi. Yana ganin kamar duniya yake zagawa, alhali a ɗaki ɗaya yake mai madubai da yawa. Littafi kuwa yana tilasta maka haƙurin bin tunanin wani daga farko har ƙarshe, da hujjojinsa da inda ya yi rauni. Abokin da kuke haɗuwa ido da ido yana iya saɓa maka yau, gobe ku haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, dole ka koyi riƙe saɓani ba tare da yanke zumunci ba. Waya ba ta koyar da wannan.

Ta yaya uba zai gane ko canjin da ya gani a ɗansa girma ne ko lalacewa? Yawan tambaya ba alamar lalacewa ba ce, sau da yawa alamar hankali ne ya farka. Abin dubawa shi ne sallarsa, ta ƙara tsayuwa ko ta fara yoyo. A duba harshensa a gaban mahaifiyarsa, ya ƙara laushi ko ya ƙara kaifi. A duba ko ya fara iya cewa ban sani ba, domin karatu mai albarka yana ƙara wa mutum sanin girman abin da bai sani ba, mara albarka kuwa kumbura kai yake yi. A duba kuma ko yana ɓoye abokin, domin abokin da ba a so iyaye su gani akwai magana a kansa.

Daga nan sai abin da za mu iya yi, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Maimakon a ce wa yaro kada a sake ganinsa da wane, a ce ya gayyato shi gida cin tuwon dare. Zama ɗaya a kan tabarma zai nuna wa uba abin da bincike na wata guda ba zai nuna ba, kuma yaron kirki da ya ci abincin gidanku ya zama mai taya ku tsaro. Maimakon a ƙwace littafi, uba ko yaya ya karɓa ya karanta, ko ya ce a ba shi labarin abin da ke ciki, a tattauna. Masallatan unguwa da ke tara kuɗin fanka da janareta za su iya ware kanta ɗaya ta littattafai, a sa tafsiri da sira da fiƙihu, a sa tarihin Kano da na Daular Sakkwato, a sa littattafan Hausa irin su Magana Jari Ce, har da na kimiyya da kiwon lafiya da sana'a, a ɗora wa wani matashi amanar bayar da aro. Majalisun da samari ke zama kowane dare suna musun ƙwallo za su iya ware dare ɗaya a mako su karanta babi guda su yi muhawara a kansa. Ɗaliban manyan makarantu su san hanyar ɗakin karatu na Murtala Muhammad da masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi kamar yadda suka san hanyar masu gyaran waya.

Kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya, domin su ne aka fi toshe wa wannan ƙofa da sunan kariya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru ne a kan wannan fahimta: mata su fito daga ƙauyuka a ƙarƙashin jagorancin jaji, su haɗu da waɗanda ba su sani ba, su koyi karatu, su koma su koyar. Yarinyar da ke da ƙawaye na gari da littafi a hannu ta fi ƙarfin mai yaudara fiye da wadda ba ta da abokin hira sai waya a ƙarƙashin filo.

Ya ku ɗalibai, ku ma akwai naku nauyin. Duk wanda kuka zauna da shi yana rubuta wani abu a zuciyarku, ko kun lura ko ba ku lura ba, haka ma duk shafin da kuka karanta. Ku nemi abokin da ya fi ku wani abu, ilimi ko ladabi ko ƙwazon neman halal, ko da ba ɗan unguwarku ba ne, ko da ba yarenku ɗaya ba. Ku karanta abin da ya fi ƙarfinku kaɗan, ku riƙe alƙalami kuna rubuta tambayoyinku. In kun gano wani abu da iyayenku ba su sani ba, ku tuna cewa su ma sun san abubuwa da yawa da ba a rubuta a kowane littafi ba, ku shigar da sabon ilimin gida da sallama.

Allah Ya haɗa mu da 'ya'yanmu da abokan da za su tuna mana in mun manta, su taimake mu in mun tuna. Ya sanya albarka a cikin abin da muke karantawa, Ya zaunar da unguwanninmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.